Saibu Mai Rediyo da Ƙusoshi Huɗu

Ranar Laraba, 6 ga watan Maris, 1985, da hantsi, Allah ya karɓi ran Saibu Zubeiru, mai gyaran rediyo a unguwar Dabokpa ta Tamale, bayan kwana huɗu a kwance da ciwon ƙirji. Dukanmu na Allah ne, shi dai ya riga mu komawa. An yi masa salla bayan Azahar, kuma ba mu cika sahu biyu ba, a unguwar da babu gidan da bai taɓa gyara wa wani abu ba. Ni ne ladanin masallacinmu, shekara ashirin da uku ke nan, kuma ina cikin waɗanda suka jawo wannan ƙarancin mutane. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Saibu, ina tuna ka a farkon 1983, lokacin da aka koro 'ya'yanmu daga Najeriya. Babu batir a kasuwa ko na magani. Ka ɗauko batirin wata matacciyar mota, ka jona da rediyonka, ka ajiye a ƙofar shago, iyaye mata suka riƙa zama har bakin kwata suna sauraron labarin iyaka. Wata tsohuwa a Kasalgu ba ta iya tafiya, ɗanta yana Legas. Kullum bayan La'asar sai ka taka da ƙafa ka kai mata abin da aka faɗa, ka rage mai zafin a hanya. Masu shanun Gbalahi kuwa, in rediyonsu ya mutu, ƙwaryar nono ce ladanka, ita ma rabinta a cikin maƙwabta take ƙarewa.

Cikin waɗanda aka koro akwai Fatawu, wanda ya dawo ba shi da komai sai wata ƙatuwar lasifika. Baƙin katako ce, tsawonta ya kai kafaɗar mutum, siririya, da ƙarfe a kusurwoyinta, nauyinta duk a sama yake. Ya ba masallaci ita don godiya ga Allah da ya dawo da shi da rai. A watan ne kuma Alhaji Abdul-Mumuni ya shimfiɗa mana koren kafet mai soso a ƙarƙashi. Aka tsayar da lasifikar a ƙarshen sahun gaba, hannun dama.

Kai kaɗai ka lura da abin da ke faruwa. In mutane sun tafi sujada, gwiwoyinsu na jan kafet, sai lasifikar ta sunkuyo a kan 'yan sahun gaba, sannan ta koma. Ka je wurin maƙeri da karyayyen ƙarfen lori, ya ƙera maka ƙusoshi huɗu masu tsawon yatsa. Ka ɗaura su a gindinta, tsininsu ƙasa, suka huda kafet da soso suka dira a kan siminti. Daga ranar ta tsaya ƙyam, har gunjin da take yi in liman ya ja aya ya daina. Ina nan tsaye ka yi aikin, ka kuma yi mini bayani.

"Baba Ladan, kafet ɗin nan yawo yake yi," in ji ka. "Sai ta taka siminti da ƙafarta, in ba haka ba wata rana a kan wani za ta kwanta."

A watan Afrilu ke nan. Mayu ya wuce babu ruwa, Yuni ya shiga sama fes. Wutar daji ta riga ta cinye rumbuna, mata na kwana biyu a layin jar masara. Sau uku muka fita roƙon ruwa muka dawo da rana a ka. Wata safiya ina shara na ga hujin da ƙusa ta yi, sai bakina ya kai wa Alhaji Abdul-Mumuni tsegumi cewa an huda masa sabon kafet. Wallahi iyakar abin da na faɗa ke nan. Amma kafin Magariba magana ta canja kama. Aka ce ƙusoshi huɗu a kusurwa huɗu, tsininsu na kallon ƙasa, a cikin ɗakin Allah, wannan kafi ne. Aka ce Saibu ya kafe ruwan sama.

Kwamitin masallaci ya zauna. Ka yi bayani, ka ce Baba Ladan shaida ne. Aka juyo gare ni. Na dubi fuskokin mutanen da suka binne jarirai a makon, waje kuma cike da jama'a, sai tsoro ya kama ni. Na ce ban san komai ba. Ka dube ni kawai. Aka kwantar da lasifikar, da hannuna na cire ƙusoshin, aka jefa su a tsohuwar rijiya, aka sake tsayar da ita a wurinta. Ka roƙa a ɗaure ta da bango, ko a mai da ita baya, aka ce duk abin da ya fito daga bakinka abin tuhuma ne, kuma kada ka sake taɓa kayan masallaci.

Kwana uku bayan haka aka tafka ruwa. Mutane suka fito suna kabbara, kai kuwa a ranar aka gama da kai. Ba wanda ya sake kawo maka gyara. Mata suna janye 'ya'yansu in ka doso, a kasuwa ba a amsa sallamarka. Matarka Humu ce ta riƙe gidan da sayar da koko, shi ma sai a can Kasalgu inda ba a san ta ba.

Mun ɗauka za ka bar masallacin. Sai ga ka, kai da wurinka ke can baya kusa da takalma, ka dawo ƙarshen sahun gaba, daf da lasifikar, sau biyar a yini. Aka ce rashin kunya ne. Aka kuma lura in liman ya tafi sujada sai ka tsaya jim, kowa ya kai ƙasa kafin ka bi. Ni da kaina na tare ka a bakin ƙofa na yi maka faɗa a gaban mutane, na ce ko dai ka bi liman ko ka yi sallarka a gida. Ka ce, "To, Baba Ladan." Ba ka canja ba. Wata ashirin kana haka, tari na cin ka, kana zuwa. Da ciwon ya kwantar da kai, ka aiko Humu ta ce mini kada a bar tsoho ya zauna a wurinka. Na ce zafin zazzaɓi ne, ko dubiya ban je ba.

Ni da wani malaminmu, Afa Sualihu, muka yi maka wanka, don babu wanda ya yarda ya shiga. Malamai sun koya mana mai wankan gawa ya rufe aibin da ya gani, ya faɗi alheri. To ga abin da na gani. A kafaɗarka ta dama akwai baƙar kanta mai tauri, da siffar kusurwa. Afa Sualihu ya ja baya yana neman tsari, ya ce alamar aikinka ce ta fito. Ni kuwa siffar kusurwar nan ta tsaya mini a rai. Muna dawowa daga maƙabarta na shiga masallaci babu kowa, na tsaya inda kake tsayawa. Ƙarfen kusurwar lasifikar ya zauna daidai kafaɗata. Na sa yatsa biyu na taɓa ta, ta sunkuyo. Ashe jinkirin da na zage ka a kansa, tare ta kake yi har kafet ya daina motsi.

Juma'ar da ta wuce masallaci ya cika maƙil, wani dattijo mai nauyin ji ya matso wurinka don ya ji huɗuba. Allah ya yafe mini, ban san me liman ya karanta ba. Da aka tafi sujada na ga ta rusuno a kan ƙeyarsa, ta tsaya, ta tsaya, kafin ta koma.

Na faɗa wa kwamiti duk wannan. Kun san amsar da suka ba ni? Wai shekara kusan biyu babu ƙusa, ta faɗi ne? Wai wannan ma hujja ce cewa tun farko ba don tsayuwa aka sa su ba. Maƙerin kuma da na je wurinsa don ya ƙera wasu ƙusoshin ya ce ba da shi ba, yana da iyali. Haba jama'a! Sai an ɗauki gawa daga sahun gaba sannan za ku yarda? Ni ne na yi ƙarya a 1983. Saibu ya gaya mini amfanin ƙusoshin, na gani da idona, na musanta. Bai kafe ruwan kowa ba. Duk wanda ya ƙi masa salla saboda maganar nan, ya sani a kan ƙaryata ya tsaya.

Saibu, na ci amanarka, kuma ka tafi ban nemi gafararka ba. Wannan baƙin cikin da shi zan shiga kabari. Allah ya jiƙanka, ya yalwata makwancinka, ya sa haƙurin da ka yi da mu ya zame maka inuwa ranar tsayuwa. Allah ya ba Humu da 'ya'yanka uku juriya, ya buɗa musu ta inda ba su zata ba, ya shirye mu da muka zalunce su.

Shekaranjiya na je yi wa Humu gaisuwa, na durƙusa na faɗa mata komai. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Tambaya ɗaya ta yi:

"Baba Ladan, yanzu wa ke tsaye a wurin?"

Gobe Juma'a ce, sahun gaba duk tsofaffi ne. Zan karanta wannan takarda kafin huɗuba, in sun ga dama su karɓe ladancin. In an ta da salla zan taka in tsaya a wurinka. Shekaruna sittin da takwas, kuma ban san ko kafaɗata za ta iya ba.

Imurana Lukumanu,
Ladan, Dabokpa, Tamale.
Alhamis, 14 ga Maris, 1985.