Jan Karen Kawu a Gindin Randar Kaka

A ƙauyenmu da ke kusa da Tsiga, kakata ta wajen uwa ba ta yarda kare ya taka mata tsakar gida. Mai salla ce, ga tsabta. Ƙanenta kuwa, wanda muke kira Kawu, bai bar al'adar Maguzawa ba, kuma yana da wani jan kare da ba ya rabuwa da shi.

Wata bazara, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, karen ya bi Kawu kasuwar Bakori. Da azahar ina tankaɗe a rumfa, sai ga Kawu ya shigo da shi saɓe a wuya. Harshen karen a waje, yana haki, ƙasa ta ƙona masa tafin ƙafa.

"Yaya, zai mutu," in ji Kawu.

Na ɗauka Kaka korarsu za ta yi. Sai ta ajiye mazarinta ta miƙe.

"Kai Auta, ba ka da tausayi? A wannan rana? Kwantar da shi gindin randa."

Nan ne wuri mafi sanyi a gidan, yashinsa kullum a jiƙe. Kawu ya ɗebo ruwa ƙwarya guda zai kwara masa, ta riƙe hannunsa.

"A hankali, kada ya shiɗe."

Ta jiƙa tsumma tana goga masa a ciki da wuya, ni kuma ta miƙo mini mafici. Na yi ta fifita har hannuna ya yi tsami. Ruwan sha kaɗan-kaɗan take zuba masa a kasko. Da hakin ya lafa, ta lakato man kaɗe ta shafe masa ƙafafun, tana ta yi wa Kawu faɗa kamar ƙaramin yaro, shi da furfurarsa. Da la'asar karen ya ɗaga kai ya kaɗa wutsiya. Kawu ya juya mana baya yana share ido.

Tun daga nan, duk ranar kasuwa a wurinmu karen yake wuni. Kaka ta ba da tsohuwar tabarmarta aka yi masa inuwa a bayan rumbu, ni ce mai canja masa ruwa. In maƙwabta suka tsokane ta, sai ta ce, "Baƙon ƙanena ne, ya zan yi da shi?"

Da ruwan shuka ya sauka ya koma bin Kawu gona, amma kowace safiya sai ya biyo ta wurinmu ya karɓi ƙanzo.