Rakiyar Iya daga Potiskum zuwa Garin Maje

Fitowa daga Yerimaram

Ana idar da sallar asuba muka fito daga gidanmu da ke unguwar Yerimaram a Potiskum, ni da Iya. Baba ya rako mu bakin titi da tocila, yana tafe yana tuna mini cewa karatu ya tura ni yi makaranta, ba kwaso masa tsofaffi ba. Da ya gama faɗan sai ya cusa wa Iya ƙullin goro a hannu, ya gyara mata mayafin da Umma ta ba ta.

Iya ba kakata ba ce, ko sunanta ma ba mu sani ba. Wata ranar kasuwar shanu muka tsince ta zaune a gindin dalbejiyar ƙofar makarantarmu, ƙafafunta duk sun faffashe. Ina aji biyar lokacin, ina cikin ƙungiyar ɗalibai ta taimakon jama'a. Kafin zuwan Iya, aikinmu bai wuce share asibiti da yashe kwata da shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa in manyan baƙi za su zo ba. Aka tambaye ta garinsu, ta ce gida za ta. Aka tambayi sunan ɗanta, ta ce gida za ta. Wannan ma da yaren Ngizim ta faɗa, Malama Kaltume mai kula da ƙungiyar ce ta fassara, don yaren mahaifiyarta ne.

An yi cigiya a masallatai da rediyo, shiru. Aka tsara 'yan ƙungiya su riƙa karɓarta bi da bi, amma da ta zo gidanmu ta kama gefen mayafina, tsarin ya ƙare a nan. Ba ta cin tuwo sai na zauna kusa da ita. Da wata ya zagayo, shugabar makaranta ta ce in ba a samu danginta ba za a miƙa ta ga hukuma a kai ta gidan gajiyayyu, can inda babu mai jin yarenta. Abin da muke da shi kawai maganar wani wanzamin unguwarmu, wanda ya dubi zanen fuskarta ya ce hannun wanzaman garin Mamudo ne.

Tasha

Mun tarar da Malama Kaltume a tasha da jakarta da lema. Zamanin wahalar mai ne, akori-kurar da za ta Mamudo ta cika tun da duhu, amma direba ya tafi neman galan wajen 'yan bumburutu. Sai da rana ta fito sosai ya dawo. Ya dubi Iya, ya dubi Malama.

“Malama, ina za a sauke tsohuwar?”

“Abin da za mu je tambaya ke nan.”

“To, Allah Ya sa su sani.”

Ya ba Iya gidan gaba don girmanta. Ta ƙi shiga sai da ni. Haka na zauna gaban mota karon farko a rayuwata, malamata tana baya a kan buhunan gishiri.

A shingen fita gari wani ɗan sanda ya leƙo ya gaishe da Iya, ya tambaye ta ina zuwa. Ta ƙare masa kallo, ta yi masa doguwar magana. Ya ɗaga murya ya tambayi bayan mota ko akwai mai jin abin da ta ce. Malama ta ce, “Ta ce ka rame, ka riƙa cin abinci.” Ya ce wallahi gaskiya ne, ya janye katakon.

Mamudo

Da hantsi muka sauka, ranar kasuwa ce. Muka sha kunu da ƙosai, sannan aka nuna mana rumfar wanzami mafi tsufa a garin. Mun same shi yana yi wa wani ƙaho, kuma bai ga dalilin sauri ba. Da ya sallami mutumin ya wanke hannu, ya juya fuskar Iya wajen rana yana dubawa kamar mai taya ƙwarya. Ita ma ta kama haɓarsa ta juya tasa fuskar ta duba.

Ya ce zanen nasu ne, ya ma san ƙauyen da ake yin irinsa. Na fara murna. Sai ya ce ƙauyen ya tashi tun kafin ya yi auren fari, rijiyarsu ce ta ƙafe, yanzu kufai ne.

“Kuma ko yana nan, 'yan makaranta, zane gidan ubanta zai nuna muku. Wa ya san inda aka kai ta aure?”

Malama ta zauna a kan bencinsa ba tare da an ce ta zauna ba. Ni kuwa tsoro ya kama ni sosai, don na riga na faɗa wa Iya da hannu da ka cewa yau gida za mu. Wanzamin ya ce mutanen kufan sun watsu ta kudu, mu je Garin Dinya mu tambayi bulama, mai garin ke nan, kakanninsa daga can suka taso.

Amalanken shanu

Mota ba ta zuwa Garin Dinya da damina. Wani manomi da ya sayar da wakensa ya ɗauke mu a amalanke bayan azahar. Shanun biyu ne, ɗaya yana son tafiya, ɗaya yana son ciyawa, mai amalanken ya ce haka suke tun suna maruƙa kuma ba ya shiga tsakaninsu. Gero ya fi mutum tsawo dama da hagu, ba ka ganin komai sai hanya da sama. A nan na gane yadda tsohuwa za ta ɓace a bayan gidanta.

Ruwa ya same mu a tsakiyar hanya. Lemar Malama ta mutum ɗaya ce, muka ba Iya. Ta karɓa ta rufe ƙunshin kayanta da ita.

Garin Dinya

Mun isa ana kiran magariba, jiƙe sharkaf. Uwargidan bulama ta ba mu ɗaki da zannuwa busassu, aka kawo tuwon gero da miyar yakuwa mai zafi. Kafin mu wanke hannu tsakar gidan ta cika da tsofaffin mata, kowace da nata bayanin. Wata ta ce matar wani maƙeri ce, aka ce waccan ta rasu. Wata ta rantse yayarta ce uwa ɗaya uba ɗaya, har ta fara hawaye, sai da aka tuna mata yayar tata ce zaune a gefenta tana cin goro.

Bulama ya shigo daga masallaci, ya sa aka ɗaga fitila. Bai san fuskar ba. Amma ya ce wani mutumin Garin Maje ya zo a keke yana cigiyar mahaifiyarsa tun gero bai fitar da kai ba, ya sake dawowa bayan nan.

“Ban ce ita ce ba. Na ce dai mutumin ya zo.”

Sauron garin ya kwana a kanmu. Iya kaɗai ta yi barci.

Garin Maje

Da safe bulama ya ba da jaki aka ɗora Iya, mu muka bi a ƙasa, takalman makaranta a hannu saboda taɓo. Rana ba ta yi zafi ba muka hango rumbunan garin. Wata mata tana jan ruwa a rijiya, ta ɗago ta ga wadda ke kan jakin, ta saki guga da igiya suka faɗa ciki. Ba wajenmu ta nufo ba, gona ta ruga.

Can sai ga wani dattijo mai furfura ya fito daga cikin gero da fartanya a kafaɗa. Ya tsaya. Sannan ya ajiye fartanyar, ya durƙusa a taɓon ya kama ƙafafun Iya yana kuka. Iya ta dube shi da tausayi ta yi magana. Na tambayi Malama me ta ce. Da ƙyar Malama ta amsa.

“Ta ce wannan bawan Allah me aka yi masa.”

Sunansa Malam Audu, shi ne ɗanta na fari, ita kuma sunanta Gambo. Ya ce sun yi ta nema ta wajen kufan gidan ubanta, babu wanda ya kawo a ransa za ta hau motar shanu ta yi Potiskum. An ba shi shawara ya yi mata sadaka ya haƙura, ya ce bai ga gawa ba. Aka yanka mana zakara. Mata suka yi ta shigowa suna taɓa Iya, suna taɓa ni, wata ta ce Allah Ya ba ni miji mai shanu, na ce amin don ban san wata amsar ba.

Bayan azahar muka miƙe za mu yi sallama. Iya ta ɗaure ƙunshinta tsaf, ta kama gefen mayafina, ta yi wa Malama magana. Wannan karon sai da na tambaya sau biyu.

“Ta ce mutanen nan sun yi mana kirki, a yi musu godiya, mu tashi mu tafi gida.”

Na rasa inda zan sa idona. Malam Audu kuwa ko a jikinsa. Ya ce ai kullum haka take yi, shekaru ke nan. Gidan da take nufi na ubanta ne. Shi kuma kowace la'asar sai ya riƙe hannunta su fita, su zagaya, su dawo, ya ce mata an iso. Ranar da ta ɓace zazzaɓi ne ya kwantar da shi, ta gaji da jira ta tafi ita kaɗai. Sai ya juyo gare ni.

“'Yata, yau ke ta riƙe. Ke za ki kai ta.”

Zango na ƙarshe

Mun tashi daga ƙofar gidan Malam Audu, ni da Iya. Muka yi hagu ta rumbuna, muka bi bayan garken shanu, muka shiga gero. Hanyar tana da kyau, shinge ɗaya ne, wata akuya da ta ƙi matsawa. Iya tana tafe da ƙarfinta, har tana jan ni. Muka ɓullo ta rijiya, inda ake ta fama da ƙugiya ana neman guga, muka miƙe zuwa ƙofar da muka fito.

Malam Audu yana tsaye a bakin ƙofar, ya canza riga. Ya buɗe hannuwa yana yi mata maraba da yarensu, irin marabar da ake yi wa wanda ya sha hanya. Fuskar Iya ta washe. Ta saki mayafina, ta shiga da sallama, ta zauna a tabarma, ta kwance ƙunshinta, ta miƙe ƙafa.

Na tsuguna in yi mata sallama. Ta dube ni da kyau, sannan ta yi magana da Hausa, karon farko da na ji Hausa a bakinta.

“Sannu, yarinya. 'Yar gidan wa ce ke? Ki koma gida, uwarki tana jira.”

Na ce to, Iya. Abin da muka fito nema ke nan, mun kuma samu, amma ya yi mini ciwo ƙwarai. Sai da muka shiga gero na yi kukana, Malama tana gaba tana yi kamar lemarta take gyarawa.

Komawa

Malam Audu ya sa aka kai mu bakin titi a amalanke ta wata gajeriyar hanya, da damin rake da ƙwaryar gyaɗa. Muka samu bas mai fitowa daga Damaturu, muka shiga Potiskum ana kiran isha'i.

Ina godiya ga Malama Kaltume da ta zauna a kan gishiri, da wanzamin Mamudo, da bulaman Garin Dinya da iyalinsa da jakinsa. Allah Ya saka wa Malam Audu, Ya ba shi ƙafar da zai ci gaba da zagayen nan. Mun gode wa Allah da Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya.

Malama ta rabu da ni a bakin layinmu, na ƙarasa ni kaɗai, ba mai riƙe da mayafina. Umma tana tsaye a bakin zaure da fitila, tana jira.