Ƙafa ta Huɗu ta Gadon Baba

Mahaifina masassaƙi ne, ni kuwa direban bas. Na haura shekara talatin a duniya ban taɓa riƙe kurfi ba, wato ƙarfen nan mai kaifin baki da ake sassaƙa itace da shi, wanda a Hartum ake ce wa azmil. Ina da sitiyari, ina da hon, ina jigila tsakanin unguwar Kalakla da tsakiyar gari, sai na ɗauka na fi ƙarfin ƙurar itace.

Ranar da Inna ta rasu aka nemi angarib a gidanmu aka rasa. Angarib shi ne gadon itace mai igiya, a kansa ake kwanciya, a kansa kuma ake ɗaukar gawa. Mutumin da ya sassaƙa wa rabin unguwa gado, gidansa babu sai gadajen ƙarfe, waɗanda ni na sayo don burga. A maƙwabta aka aro. Bayan an watse daga zaman makoki Baba ya dube ni ya ce, “Ni dai ba za a kai ni a kan gadon aro ba.”

Ya samo itacen bagaruwa, wadda a nan ake kira sunut, ya zauna gindin darbejiyar tsakar gida ya fara. Ya gama katakon jiki, ya gama ƙafa uku, kowace da zobe uku a wuyanta da zane irin na ganye. Yana shirin ta huɗu hannunsa na dama ya fara rawa. Tun yana ɓoyewa har ta kai shayi yana zuba masa a riga. Wata Juma'a na dawo daga masallaci na tarar da shi zaune da guntun itacen a cinya, bai taɓa shi ba. Tausayi ya kama ni, na ce ya koya mini, ni zan gama.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya warware wata tsohuwar fata, ga kurfi uku a ciki, biyu masu miƙaƙƙen baki, ɗaya mai baki lanƙwashe kamar cokali. Baƙaƙe wuluk, gajeru, ƙotarsu ta sha gumi har tana sheƙi. Wani maƙeri ne ya ƙera masa su da ƙarfen sifirin mota tun suna aikin auduga a Jazira, kafin a haife ni. Ya ce, “Wata guda za ka yi kana wasa su a dutse, ba ka taɓa itace ba. Bayan nan mu gani.”

Wata guda! Ni da nake wuce motoci uku a kwana ɗaya. Na yi kwana biyu ina goga ƙarfe a dutse, yatsuna suka yi kanta, zuciyata ta fara tafasa. A rana ta uku na naɗe fatar na sa a ƙarƙashin kujerar bas, na tsaya wajen wani mai injin wasa wuƙa da ke kusa da tasha. Na ce ya fito mini da su fes, ya cire duk baƙin nan. Ya danna su a dutsen injin, tartsatsi na tashi, ina tsaye ina jin daɗi. Ban kai ga shanye shayina ba ya gama. Sun yi fari tas, bakinsu ya ɗan yi shuɗi, ni a ganina ma ado ne.

Na shimfiɗa su gaban Baba ina jiran yabo. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi a rana, ya ga shuɗin. Ya sa shi a kan guntun bagaruwa ya danna da hannun hagu, bakin ya naɗe. Ya gwada na biyu, ya gwada na uku. Sannan ya mayar da su cikin fatar ya ɗaure, ya ce, “Ma'alesh,” wato ba komai.

Da ma ya zage ni. Da ma ya ɗaga sandarsa. Har yau wannan kalma ɗaya ta fi mini duka ciwo. Yayata ce, wadda take zaune da mu tun rasuwar Inna, ta biya masa bashin faɗan, ta wanke ni tas a gaban 'ya'yanta. Sai daga baya Baba ya yi mini bayani a hankali. Maƙeri yakan gasa bakin kurfi ya tsoma shi a mai, a nan yake samun tauri, kuma bakin kaɗai ake yi wa haka. Shekaru sun cinye taurin nan saura faɗin yatsa. Injin ya cinye rabi, zafinsa ya kashe sauran. Na kai su wajen wani maƙeri ya sake gasa su, mai bakin cokalin ya tsage a hannunsa, sauran biyun suka riƙa ɓarewa.

Haka muka kama hanyar kasuwar Omdurman neman sababbi, ni da Baba. Na zaunar da shi a gaba kusa da ni, muka haye gada, yana riƙe da wani abu a aljihu.

Shagon farko na hango wani akwati mai jan ƙyalle a ciki, kurfi goma sha biyu a jere, suna walƙiya. Mai shagon ya ga idona ya ce, “Itfaddal, bismillah ya usta, daga waje suka zo.” Da na ji an kira ni usta, wato gwanin sana'a, har na miƙa hannu. Baba ya buge hannun da sandarsa.

“Kai yaro, ya walad, hannu nawa gare ka? Sha biyu za ka riƙe? Mai koyo uku yake bukata. Sheƙi kuwa ai ka riga ka saya sau ɗaya.”

Ya ja ni can ciki, inda wani dattijo ya baza tsofaffin ƙarafa a kan buhu. A nan ya tsuguna da ƙyar, ya fito da abin da ke aljihunsa, ƙaramin magagari da guntun bagaruwa. Ya ce in buɗe kunnena. Ya goga magagarin a bakin wani kurfi, ya kama ya ci. Ya ajiye shi gefe ya ce wannan ɗanye ne. Ya goga a wani, magagarin ya zame da 'yar ƙara. Ya ce, “Ka ji? Wannan ya ƙi ba shi haɗin kai, shi muke so.” Ya sa na rataye shi da zare na ƙwanƙwasa, ya ce mai tsagewa a ciki ba ya amo. Ya sa na ɗaga shi saitin idona in ga ko bayansa a miƙe yake. Ya ce kada tsatsa ta tsorata ni in dai ba ta yi rami kusa da baki ba, kuma kada in damu da ƙota, ƙota itace ce, mu ne masu ita. Daga ƙarshe ya fito da ɗan dutse ya sa na wasa bakin a nan take, na yanka bagaruwar ta kan kai, inda ta fi tauri. Sassaƙe ya fito siriri yana naɗewa, bakin bai ko girgiza ba.

Dattijon ya yi dariya ya ce, “Ya Hajj, kai ba saye ka zo ba, jarrabawa ka zo yi wa kayana.” Ranar ce kaɗai na ga murmushin Baba tun bayan Inna.

Mun samu miƙaƙƙu biyu. Mai bakin cokali, wanda da shi ake fitar da zobe da ganye, ba mu samu wanda ya gamshe shi ba. Da biyun nan na fara aiki, wannan karon bayan na yi watana guda cif a kan dutse, bakina alaikum. Baba yana kwance a tabarma yana gyara mini da baki. In na danna da ƙarfi ya ce, “Ba birki ba ne.” A hankali ƙafar ta fito, tsawonta daidai, raminta daidai, amma wuyanta sumul, ba zobe ba ganye.

Jikinsa ya ƙi, ba ya iya shiga mota. Duk Juma'a da safe sai in haye Omdurman ni kaɗai da magagari da guntun itace a aljihu. Sau biyu ina kawo kurfi yana mayar da ni, ɗaya bakinsa ya karkace, ɗaya ya yi tauri har yana ɓarewa. Raina ya ɓaci, na ce masa, “Baba, zane ne fa kawai, gado ai ya tsaya.” Ya ce, “Uku da ado, ɗaya tsirara? Mutane za su ce masassaƙin ya gaji.” Na fita ina gunaguni, na bar Juma'a biyu ban je ba. Waɗannan Juma'o'i biyun su ne ba na iya yafe wa kaina.

Da na koma, a ƙasan buhun dattijon na tono shi, baƙi, gajere, ba ƙota. Magagari ya zame, amo ya fito, bagaruwa ta ba da sassaƙe siriri. Ban tambayi kowa ba na san shi ne. Na dawo na tarar da yayata tana ba Baba kunu a cokali, ba ya iya zama. Na sa masa ƙarfen a tafin hannu. Ya shafa bakin da babban yatsa, ya kai shi kusa da idonsa, ya ce, “Kwayyis, ya yi kyau. Wannan kai ka zaɓa.” Ya ce in yi masa ƙota, ranar Litinin zai nuna mini yadda ake juya hannu a zobe.

Ranar Lahadi da hantsi ya cika.

Maƙwabta suka taru suka haɗa gadon suka ɗaure igiya kafin a gama wanka. Bai tafi a kan gadon aro ba. Da aka ɗaga, na kama kusurwar ƙafa ta huɗu, na rufe wuyanta da tafin hannuna. Al'adarmu ce a riƙa karɓar juna a hanya don kowa ya samu lada. Mutane suka yi ta taɓa kafaɗata, na ƙi saki. Wani dattijon unguwa ya ce, “Ɗana, bar wa 'yan'uwanka.” Na girgiza kai, hawaye na zuba a kan hannuna. Sun ɗauka son uba ne ya hana ni, kuma akwai shi, amma kunya ta fi yawa. Ba na so a ga inda aikinsa ya tsaya saboda ni.

Na bar tuƙi da daɗewa, yanzu ni ma usta ake kirana da gaske. Da kurfin nan uku nake ci. Zobe da ganye ina fitar da su ina hira, ba na ko kallo. Gadon yana ɗakina, unguwa tana arowa in an yi rashi. Yayata ta sha ce mini in ƙarasa ƙafar nan in huta. Sau da yawa na wasa kurfin na tsuguna a gabanta, sai in tuna ban ga yadda shi yake juya hannunsa ba, in mayar da shi cikin fata in ɗaure.