Gurbin Muryoyi Uku

Masana sun cika littattafai da faɗuwar dauloli, amma har yau ba wanda ya rubuta faɗuwar mawaƙa huɗu na ƙauyenmu Ruma. Jiya rediyo ta sako wasu Turawa da suka tsufa suna haɗa murya, sai marigayi kawuna ya faɗo mini a rai.

Su huɗu ne tun zamanin garmaho, ba kalangu ba gurmi, murya zalla. Kawu ke riƙe da ta ƙasa, mai kauri kamar amon turmi. Ɗaya ciwo ya ɗauke shi, biyu 'yan bindiga suka harbe su a gona. Duk wanda ya rasu, Kawu ba ya rera baitinsa, sai dai ya yi shiru daidai tsawon baitin.

Bayan an tashi ƙauyen na same shi a ɗakin aro a Batsari, ɗakin duk warin man zafi. Na roƙe shi waƙar gayya, na kunna waya ina ɗauka. Ya rera baiti ɗaya ya tsaya, yana kaɗa yatsa a gwiwa.

"Kawu, mantuwa ce?"

"Kai dai boko ya cuce ka. Nan wurinsu ne. Ana shiga gonar mutum don ya mutu?"

Allah Ya jiƙansa, Ya sada shi da abokan waƙarsa inda ba a tashin gari.

Ɗana ya goge waƙar daga wayar. Ya ce ya saurara, babu komai a ciki.