Subiyar da Ta Kwana a Mota

Cikin duk azumin da na yi ina tace subiya a unguwar Utaibiyya da ke Makka, akwai rana guda da ta ƙi fita daga raina, ranar da aka rufe mana shago aka tafi da ni a motar 'yan sanda. Tunda bana za ku fara aiki da mu, gara ku ji daga bakina, kada ku tsinta a layi an ƙara mata gishiri.

Ga wanda bai daɗe a Makka ba, subiya ita ce abin shan buɗa-baki na mutanen nan. Ana jiƙa sha'ir, a niƙa, a haɗa da busasshen burodi, a bar shi ya ɗan tashi kamar ƙullun koko, sannan a tace, a sa sukari da kirfa, a sanyaya. Akwai fara, akwai ja, akwai ta zabibi. Matsalarta ɗaya ce: ba ta tsayawa. Ko an ƙulla ta a leda tana ci gaba da tashi. A firji a hankali take yi, amma idan ta daɗe cikin zafi, giya take komawa.

Mai shagon a lokacin Ammu Bakur ne, wato Baffa Bakur, Allah Ya jiƙansa. Haifaffen nan ne, kakansa ne ya zo hajji daga Kano ya zauna. Shi ne mu'allim, wato babban gwanin shago, kuma shi ne kafilina, da sunansa aka yi mini takardar zama. Jiƙo da tata kuwa duk a hannuna suke.

Muna da wasu masu saye da suka ɗauki subiya kamar ilimi. Da la'asar za su cika ƙofar shago, kowa da azumi a bakinsa, ba mai iya ɗanɗana ko ɗigo, amma musu ake kamar za a doku. Wani ya ce ta unguwar Aziziyya ruwa ce da sukari. Wani ya ce duk wanda ke shan ja yaro ne, manya fara suke sha. Har zauren hira suke da shi a waya, inda suke ba juna shawarar wurin da za a saya. Babbansu a surutu shi ne Abu Nawaf, direban tasi daga unguwar Hindawiyya, shi ma jinin Hausawa, mutum mai fara'a, wanda ya jawo mana masu saye da yawa. Kullum maganarsa ita ce, “Ya Haruna, taku ta fi ta kowa, sai dai ta cika ladabi. Ni ina son mai cizon harshe. Ba ka da ta jiya?” Ni kuma in ce masa ta jiya tana kwata, haka dokar Ammu take. Sai ya yi dariya ya karɓi ledojinsa.

Ranar da abin ya faru, azumi ya yi tsakiya. Bayan azahar ne, Ammu ya tafi sayo sukari, ina ciki ina ƙulla leda. Sai motoci biyu suka tsaya, ta 'yan sanda da ta baladiyya, hukumar da ke duba tsabtar shaguna. Wani ɗan sanda ya shigo da bokiti ya ajiye a gabana. A ciki akwai leda a kumbure kamar za ta fashe, da sunan shagonmu a jikinta. Warin da ya doki hancina ya isa bayani.

Ya ce, “Wa ke haɗa wannan?”

Na ce, “Ni ne.”

Jami'in baladiyya ya sa safar hannu, ya bi durom-durom yana buɗewa, yana ɗiba a 'yan kwalabe. Ya duba sanyin firji, ya karɓi takardar zamana, sannan aka fito da ni, aka ja ƙofa, aka manna mata takardar rufewa. Titi ya riga ya cika. Na ji wani daga baya yana cewa da Larabci, “Giya! A Makka, kuma a Ramadan!” Muryar na san ta. Mai ita ko jiya ya sayi leda uku a hannuna.

Aka sa ni a motar 'yan sanda. Na san hukuncin irin wannan: ɗauri, sannan a kore ka daga ƙasa. Na tuna 'ya'yana da aka haifa a nan, waɗanda Hausarsu ma da ƙyar take fita, ba su taɓa ganin Kano ba. Na tuna mahaifiyata da ke gaya wa duk wanda ya zo gaishe ta cewa ɗanta maƙwabcin Ka'aba ne. Amma abin da ya fi kama mini ƙirji daban ne. Kwanakin nan firjinmu yana wata ƙara. Idan fa da gaske ta juya a durom ban sani ba? Bakin masu azumi nawa na buɗe da ita?

Da muka shiga ofishin, sai ga Abu Nawaf a kan benci, kansa a ƙasa. Ashe wata mota ce ta goge shi ta baya, leda ɗaya cikin waɗanda ke but ɗin motarsa ta fashe, 'yan sandan da suka zo duba haɗarin suka ji warin. Da aka tambaye shi, sai ya ce yau da safe ya saye ta a wurinmu.

Jami'in da ke bincike ya zaunar da ni yana tambaya: kwana nawa kake barin jiƙo, me kake zubawa, wa kake sayar wa ta bayan shago? Larabcin da na shekara da shekaru ina ciniki da shi ya gudu ya bar ni. Ina ta maimaita, “Wallahi ba ma buɗewa da safe, wallahi ba ma buɗewa da safe.” Ya dube ni ya ce, “Kowa da wallahi yake shigowa nan.”

Gab da magariba Ammu ya iso. Ya gaisa da jami'in cikin natsuwa. Bai tsaya kare kansa ba. Ya je ya zauna kusa da Abu Nawaf, ya ce masa da Hausa, a hankali, “Ɗana, kai da Allah, yaushe ka saye ta? Mutumin nan yana da iyali.”

Ana haka aka kira salla. Wani ɗan sanda ya zagaya da dabino da ruwa, ya ba kowa, har ni. Abu Nawaf kuwa ya riƙe nasa yana juyawa, sai kawai ya fashe da kuka.

Ya ce, “Tun farkon mako na saya. Wani ne ya rubuta a zaurenmu cewa idan ta ji ɗumi ta kwana biyu ta fi daɗi. Na bar ta a but da gangan, sai aiki ya sha kaina na manta. Wallahi ban sha ba. Tsoro ne ya sa na ce yau.”

Kada ku ɗauka shi ke nan. An sake ni ne bisa lamunin Ammu, shago kuma ya zauna a rufe har sai sakamakon kwalaben nan ya fito daga ɗakin gwaji. Kwanakin jiran sun fi ranar kamun wuya. Ko mota ta tsaya a ƙofar gida sai in tashi in leƙa ta taga. A masallaci na ga ana matsawa daga gefena. Matata ta daina fita sayen cefane saboda tambayoyi. Ni kuma ina ta lissafin ƙarar firjin nan a raina, don maganar Abu Nawaf ta wanke ledarsa ce kawai, ba ta wanke duromina ba.

Da sakamako ya fito, babu komai a cikin tamu. Ammu ya gaya mini ta waya, na zauna a ƙasa inda nake tsaye. Shi ma Abu Nawaf an gwada shi, an tabbatar bai sha ba, aka ja masa kunne aka sallame shi. Muka zubar da duk abin da ke shagon, Ammu ya sayi sabon firji, muka jiƙa sabo.

Ranar da muka buɗe, layi har kwanar titi. Mai muryar nan da ya yi ihun giya yana sahun gaba, yana gaya wa na bayansa cewa shi dama ya san ƙarya ce. Can ƙarshe na hango Abu Nawaf, ba surutu, ba musu. Da ya iso, Ammu ya karɓi ledar daga hannuna ya miƙa masa da kansa, ya ce, “Guda ɗaya. Kuma kafin isha ta ƙare.”

Masu son abinmu ba mugaye ba ne, su ne ma abincinmu. Amma mai sha koyaushe ƙari yake nema, ba ruwansa da inda iyaka take. Wannan mu ne muka sani, kuma mu za a tambaya. Don haka ku gaya wa kowa, ko ya gaji da ji, cewa yau ake sha. Leda takan bar hannunka ta tafi, amma sunanka yana jikinta har inda za ta fashe.