Arvid, Mai Tare wa Sanyi Hanya

Duk safiyar da dusar ƙanƙara ta kwana zuba a garinmu Duluth, za ka ga Arvid Niemela yana bin layinmu, kansa a sama. Rufin da ƙanƙararsa ta riga ta sauran narkewa yake nema, don alama ce ɗumin gidan yana tserewa ta sama. "Wannan gida tsuntsaye yake ɗumamawa," in ji shi, sai ya ƙwanƙwasa ƙofa. Aikinsa ke nan tun ina yarinya. Ya canza tagogi, ya shimfiɗa audugar tare sanyi a saman silin, ya yi wa ƙofa fenti, don a cewarsa gidan da ya ji ɗumi ya kamata a gani a fuskarsa. Bana gwiwa ta hana shi hawa tsani, ya ajiye aiki.

Abin da ba na mantawa shi ne na maƙwabciyata Verna, tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a gidan da mijinta ya gina. Wata shekara da sanyi ya kankama ta fara mantuwa da ciwon kai, har ɗanta Curtis ya nema mata ɗaki a gidan tsofaffi. Ya kira Arvid ya sabunta tagogi don a sayar da gidan.

Kowa a nan yana liƙe tagoginsa da leda, amma Verna ta wuce gona da iri. Har kafar da murhun ɗumama gida ke shan iska ta cusa wa bargo.

Da Arvid ya zo ya gani sai ya ce, "Verna, wa ya sa ki wannan aiki?"

"Ta nan sanyi ke shigowa. Kai ba sanyi kake kora ba?"

"Ina korarsa, amma ban taɓa shaƙe gida ba. Hayaƙin murhu marar wari kike kwana shaƙa, shi ke kawo miki mantuwa da ciwon kai." Ya zare bargon, ya bubbuɗe tagogi, ya dubi Curtis. "Kai ta asibiti yanzu. Maganar sayarwa kuma, dakata tukuna."

Curtis ya yi gunaguni, amma ya kai ta, ya kuma dakata da sayarwar. Kafin Arvid ya gama gyaran, hankalinta ya dawo, har tana masa faɗa wai shuɗin ƙofar ya yi duhu.

Arvid, kai ne ka duba gidan lokacin da mu duka tsufanta muke gani, kuma mun gode. Masu tasowa a sana'ar nan, ku riƙa tuna da mai kwana a cikin gidan da kuke liƙewa. Verna ta haura casa'in, kuma har yau ita ke buɗe ƙofarta da kanta.