Lorna Heggen, Direbar da Ta Jera Duniyoyi a Bakin Hanya

Kafin hayaƙi ya fara tashi daga gidajen Brekken, Lorna Heggen ta riga ta tayar da motar makaranta ta bar ta tana ɗumama. Takan zagaya ta, ta daki kowace taya da ƙafa, ta kankare ƙanƙarar da ta kwana a gilashi, sannan ta hau da kofinta a hannu. Wayam take fita daga gari, ta miƙi hanyar arewa har ƙofar gonar su Volk, ta juya, ta fara kwasar yara. Idan dusar ƙanƙara ta sauka da dare, za ka ga ta tsaya a gefen hanya inda babu gida babu yaro, ta sauko da tsintsiya ta share kan wani dunƙulen ƙarfe da ke bisa turke. Duniyar Jufita ce take sharewa. Shekara talatin da wani abu tana wannan aiki, bana kuma ta ajiye makulli.

Abin ya samo asali ne daga kukan wata yarinya. Tessa Volk tana aji biyu a lokacin, ita ake fara ɗauka da safe, ita ake saukewa a ƙarshe. Wata rana da yamma, bayan mota ta zama daga ita sai direba, ta matso kujerar gaba tana sharar hanci.

"Misis Heggen, wai gidanmu ne ƙarshen duniya? Haka yara suke cewa."

"Ƙarshen duniya?" in ji Lorna, idonta a kan hanya. "Sun rage miki matsayi, 'yar nan. Ba ni mako biyu."

Ta je ta sami malamin kimiyya, ta ce ya lissafa mata: idan rumbun alkama na ƙarfe da ke bayan makaranta shi ne rana, ina sauran duniyoyin za su faɗa, kuma yaya girmansu zai kasance? Ya lissafa ya ba ta. Ta roƙi mai rumbun ya bar ta ta shafe shi da ruwan ɗorawa. Sauran aikin da ma'aunin tafiya na motarta ta yi shi, tana tuƙi tana duba lamba, inda ya cika ta sauka ta kafa turke. Makyuri ta fito kamar ɗan dutsen wasan yara. Zara da Duniyarmu, mariƙin ƙofa ya ishe su. Mas ba ta fi goro ba. Manyan ne suka ba ta wahala, har sai da idonta ya faɗa kan zagayayyiyar tukunyar gasa nama ta mijinta Duane.

"Lorna, ina tukunyar gashina?"

"Tana mil uku arewa da gari."

"Me ta je yi a can?"

"Ta zama Jufita."

"To ni ran Lahadi a kan me zan gasa nama?"

"Ka gode wa Allah, tsoho. Maza nawa ne a garin nan suke da duniya tasu?"

Duane ya yi ta gunaguni, amma shi ne ya yi waldar Satun daga ƙaramar tukunyar ƙaninsa, ya yanko mata zobe daga tsohuwar garma. Yuranus da Neftun kuwa ƙwallaye ne masu nauyi da gidan wasan bolin, inda ake gangara ƙwallo a ka da sanduna, ya yar. Da aka auna wurin Neftun, sai ya faɗi mil goma sha ɗaya daga rumbun, jifa kaɗan da ƙofar su Volk. Tessa ta shiga aji washegari tana cewa ita ba a ƙarshen duniya take ba, ta wuce duniya da nisa.

Littafin makaranta yakan jera duniyoyin nan a shafi ɗaya kamar ƙwai a kiret, kowace kusa da 'yar'uwarta. Duk wanda ya hau motar Lorna ya san ba haka abin yake ba. Ƙananan huɗun kan wuce kafin mota ta gama sauya giya. Kana ƙiftawa ka rasa Duniya. Daga nan sai jira, sai Jufita, sai Satun. Bayan Satun kuma sai gonaki da sarari, tafiya daidai da wadda aka riga aka yi daga rana, kafin a ga Yuranus. Mu da ba mu jure zaman aji har ƙarshe ba, wannan darasi ɗaya ya bi mu, don a ƙugunmu muka ji shi, a kan kujerar da ke tsalle bisa tsakuwa.

Misis Heggen, ke ce kika koya wa yankin nan yadda zai kira kansa. Yau idan ka tambayi mutum a Brekken ina yake, zai ce maka ya wuce Satun. Mutanen cikin gari su ne 'yan gindin rana. Saurayi ya nemi aure a nesa, a ce ya tafi Yuranus ɗauko mata. A lokacin sanyi, da ƙasa kan zama fara fat ba alamar komai, masu motar asibiti da turakun nan suke gane inda mota ta faɗa rami. Uwar hanyar arewa, ba ki taɓa neman a rubuta wannan a ko'ina ba.

Shi ya sa abin da ya faru a bazarar nan ya zo da ban dariya da ban haushi. Merle Kautz, mai shagon kayan gini kuma shugaban majalisar gari, ya shirya wa Lorna karramawa a asirce. Ya ce za a tattaro duniyoyin nan duka a jera su a filin shaƙatawa na gaban ɗakin karatu, a saka allon tagulla mai sunanta. Matan coci suka yarda, Duane ya ba da aron a-kori-kura. Ranar Asabar suka bi hanya suka kwance komai, suka bar turaku tsirara.

Ranar Litinin Lorna ta fita kamar kullum. Turken Makyuri babu komai, ta ce aikin yara ne. Da ta ga na Jufita ma wayam, sai ta daina shan kofin. A ƙofar gonar Volk ta tarar da Tessa, wadda yanzu ta zama uwa, riƙe da hannun 'yarta Maren.

"Misis Heggen, wa ya sace mana Neftun?" in ji Tessa. "Yarinyar nan tun jiya ba ta ci abin kirki ba."

Sai da ta sauke yara a makaranta sannan ta gano duniyoyin a filin, an lulluɓe da tamfol, an jera su taku kaɗan tsakani. Ta wuce shagon Merle, ta same shi da Duane suna shan kofi.

"Haba Lorna, kin ɓata mana shiri," in ji Merle. "Don ke muka yi. Baƙi kan tsaya su ga rana da ƙananan, su yi gaba. Wa zai tuƙa har gonar Volk don ganin ƙwallon bolin?"

"Merle, abin da ka jera a can tukwanen gashi biyu ne da ƙwallaye biyu da mariƙan ƙofa. Nisan ne aikin, kuma ka baro shi a hanya." Ta juya. "Duane, har da kai?"

"Ni mota aka ce in kawo." Ya sosa ƙeya. "Amma fa na ɗan ji daɗi da na ga tukunyata ta dawo gari."

Merle bai sauko ba. Ya ce an riga an zuba allon, an sayo siminti, majalisa ta zartar. Lorna ba ta yi musu da shi ba. Ta ce kawai ya zo da yamma ya hau motarta, kujerar baya. Shi ɗan gindin rana ne, da ƙafa ya yi makarantarsa, bai taɓa hawa ba. Ya zo yana dariya, ya cusa gwiwoyinsa tsakanin kujerun yara. Da suka wuce turken Satun ya leƙo.

"Mun kusa ko?"

"Ko rabi ba a yi ba, Mista Kautz!" Yara suka haɗa baki.

Aka yi ta saukewa, surutu yana raguwa, har ya zama daga shi sai Maren. Suka yi doguwar tafiyar nan ta bayan Yuranus. Da mota ta tsaya ya sauko yana dafe da baya, ya waiga kudu. Gari ya ɓace, rumbun ya ɓace, sai iska da turke guda.

"Kullum haka kike yi?" ya tambayi yarinyar.

"Sau biyu," ta ce. "Yaushe za ka dawo mana da ita?"

Ranar bikin ajiye aikin, bayan an ci dankali da nama a ɗakin taro na coci, motar makaranta ce ta shiga gaba, motocin gari suka biyo ta a jere. A kowane turke aka tsaya, gidan da ya fi kusa ya ɗora duniyarsa ya ɗaure, ya ɗauki alkawarin sharewa da fenti. Merle da kansa ya rungumo Neftun, kuma a can ya haƙa rami ya kafa allon tagullar. Wanda duk yake son karanta sunan Lorna Heggen, sai ya yi tafiyar.

Misis Heggen, mun gode. Ke ce kika ji kukan yarinya ɗaya a motarki, kika ƙi ce mata ta yi haƙuri, kika tashi kika gina mata amsa mai tsawon hanya guda. Ke ce kika tsaya a kan aikinki ranar da masoyanki suka so su gyara shi har ya lalace. Allah ya ba ki lafiya da hutu mai daɗi. Ku kuma da ke karanta wannan, kowane aiki yana da mutumin da ake kaiwa gare shi a ƙarshe, bayan kowa ya watse kuma an gaji. Ku nemi naku, ku je har ƙofarsa.